Riƙon Ƙetare: Rayuwar Wata Yarinya Tsakanin Gida Biyu

Riƙo ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Gwaggo takan ɗauki 'yar ƙanenta, kaka takan yaye jika ta riƙe shi har ya yi hankali, matar da Allah bai ba haihuwa ba kuma dangi sukan ba ta ɗa don ya ɗebe mata kewa. Amma ɗan riƙo ya san ƙofar gidan ubansa, sunan ubansa yake amsawa, ranar Sallah kuma akan kai shi ya gai da mahaifiyarsa. Musulunci ya ƙara ƙarfafa wannan tsari, domin aya ta 5 a Suratul Ahzabi ta yi umarni a riƙa danganta yaro ga mahaifinsa. Akwai kuma wani riƙon na daban da ya yi tashe a ƙasashen Turai da Amurka, inda kotu kan yanke alaƙar yaro da iyayensa na asali, a canza masa suna da ƙasa, ya zama ɗan waɗanda suka ɗauke shi, har ya ci gadonsu. A shekarar 2004 kaɗai Amurkawa sun ɗauko yara kusan 23,000 daga wasu ƙasashe, a 2010 kuma yaran da suka shiga Amurka daga Habasha ta wannan hanya sun haura 2,500.

Cikin waɗannan yara har da wata yarinya da aka kawo birnin Miniyafolis na jihar Minesota a ƙarshen 2009. Matar gidan ma'aikaciyar jinya ce, mijinta kafinta, suna da ɗa namiji ɗaya mai shekara bakwai. Takardun da aka ba su sun ce yarinyar tana da shekara huɗu kuma iyayenta duka sun rasu. Ranar haihuwar da ke rubuce a takardun kintace ne kawai, domin a ƙauyen da ta fito ba a yi mata rajista ba. Ta sauka a tsakiyar hunturu, a garin da dusar ƙanƙara kan rufe mota, ba ta jin ko kalma ɗaya daga bakin mutanen da aka ce mata su ne iyayenta.

Watannin farko sun kasance na wahala da haƙuri. Idan aka yi shara akan tarar da gutsuren burodi a ƙarƙashin matashinta, domin wanda ya taɓa kwana da yunwa ba ya saurin yarda cewa gobe ma za a ɗora tukunya. Matar gidan ba ta tsawata mata ba. Sai ta ajiye mata kwano da 'ya'yan itace a gefen gado, ta bar shi a nan har ranar da yarinyar ta daina waiwayarsa. Haka kuma an shirya mata ɗaki nata ita kaɗai, kamar yadda Amurkawa suke yi wa yaransu, alhali ba ta taɓa kwana ita kaɗai ba tun da aka haife ta. Dole aka mayar da katifarta kusa da gadon iyayen riƙon. Gashinta ma ya zama darasi, don matar ba ta san kitso ba, ba ta san irin man da ya dace ba, sai da ta riƙa zama a shagon wata makitsiya kowace Asabar tana kallon yadda ake tsaga da tufka.

Bukukuwan gidan a da sanannu ne. A ƙarshen Oktoba yara kan yi shigar dodanni su bi gida-gida ana ba su alewa. Ranar Alhamis ta huɗu a Nuwamba akan yi bikin godiya, a gasa talotalo, a yi kek na kabewa, dangi su taru. Sai Kirsimeti ranar 25 ga Disamba. Da zuwan yarinyar, ma'auratan suka ƙudurta cewa ba za su bari ta manta da ƙasarta ba, saboda haka suka rataya kalanda ta biyu a madafa. Kalandar Habasha wata 13 gare ta, kuma tana bayan ta Miladiyya da shekara bakwai zuwa takwas. Kirsimetin Habashawa, wanda suke kira Genna, yana faɗuwa ranar 7 ga Janairu, don haka gidan ya riƙa barin bishiyar Kirsimeti a tsaye har wannan rana. Sabuwar shekararsu kuwa, wato Enkutatash, takan zo ranar 11 ga Satumba, ranar da Amurkawa suke juyayin harin da aka kai musu a 2001. A rana guda, maƙwabta suna sassauto da tuta, a cikin gidan kuma ana jera rawayen furanni a kan tebur.

Matar ta koyi yin injera, wani faffaɗan abinci mai tsami da ya yi kama da sinasir, wanda ake yi da garin tef, hatsi mai ƙananan ƙwayoyi kamar acca. Ta koyi miyar kaza mai yaji da dafaffen ƙwai. Ta sayi butar ƙasa ta dafa gahawa, a soya ƙwayar a gaban baƙi, a turara lubban, a sha zagaye uku da gugguru a gefe. Mijin ya fi son al'adar gursha, inda mutum kan dunƙula loma ya sa wa wanda yake ƙauna a baki. An ɗinka wa yarinyar farar riga mai ado a gefe, aka sa ta ajin koyon Amharanci.

Sai da aka shekara biyar ana wannan hidima kafin wata dattijuwa 'yar birnin Hawasa, da suka haɗu da ita a wurin wani taron Habashawa, ta tambayi sunan ƙauyen yarinyar. Da ta ji, sai ta yi murmushi ta ce wa matar, "'Yata, kin yi ƙoƙari, amma wannan yarinya Basidamiya ce." Mutanen Sidama suna kudancin Habasha ne, harshensu daban da Amharanci, abincinsu na yau da kullum kuma ana samun sa ne daga inset, wata shuka mai kama da ayaba wadda ake kankare jikinta a binne ya yi tsami. Sabuwar shekararsu ita ce Fichee-Chambalaalla, wadda masana taurarinsu suke tsayar da ranarta, kuma hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun da duniya ta gada a 2015. A lokacin bikin akan dafa burisame da inset da madara da man shanu, yara su bi gida-gida suna gaisuwa ana ba su. Ashe dai duk shekarun nan gidan yana raya al'adar wata ƙabila ce, ba ta yarinyar ba. Habasha ƙasa ce mai harsuna fiye da 80, kuma wanda ya hango ta daga nesa yakan ɗauka duk abu ɗaya ne. Gidan bai sauke tsofaffin bukukuwan ba, tunda sun riga sun shiga jikin yaran, sai dai ya ƙara na Sidama a kansu.

Abin da ya fi wuyar dawowa shi ne harshe. Kafin ta cika shekara a Amurka, yarinyar ta daina furta Sidamanci gaba ɗaya, domin harshe ba ya rayuwa a bakin yaro idan babu mai amsa masa. Masana harshe sun daɗe suna nazarin irin wannan hali. Wani bincike da aka buga a 2003 a kan manyan mutanen da aka kawo Faransa daga Koriya suna yara ya nuna ba sa iya bambanta jimlolin Koriyanci da na wasu baƙin harsuna. Amma a 2014 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada sun gano cewa 'yan matan da aka ɗauko daga Sin suna jarirai, suka tashi da Faransanci kaɗai, ƙwaƙwalwarsu tana amsa karin sautin Sinanci kamar ta masu jin harshen. Wato kalmomi sukan gushe, amma sawun sauti yakan saura. Ɗalibin Hausa ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba, tunda ya san aikin da karin sauti yake yi wajen rarrabe ma'ana a harshensa. Bugu da ƙari, Sidamanci da Amharanci da Hausa duk 'yan gida ɗaya ne na Afro-Asiya: na farko daga reshen Kush, na biyu daga reshen Semitik, na uku daga reshen Cadi.

A 2016 ma'auratan suka biya wani mai bin sawu ya je ƙauyen. Ya dawo musu da hoton wata mata a tsaye a bakin bukka. Mahaifin ya rasu da gaske, amma mahaifiyar tana nan da rai. Ta ba da 'yarta ne bisa fahimtar cewa za ta je ta yi karatu ta dawo, wato irin riƙon da ta sani a al'adarta, ba ta san an yanke alaƙa har abada ba. Daren da labarin ya iso, yarinyar ta ce, "Mama, to ke nan ni 'yar wace ce?" Matar ta ce, "Ɗiyata, ita ta haife ki, ni na raine ki, babu wadda za ta goge ɗaya." Tun daga wannan shekara, ranar iyaye mata, Lahadi ta biyu a watan Mayu, kati biyu ake rubutawa a gidan. A 2019 suka tafi Sidama su huɗu. Uwa da 'ya suka zauna a kan tabarma ɗaya, tafinta a tsakaninsu.

Labarin wannan gida ba shi kaɗai ba ne. Yarjejeniyar Hague ta 1993 an tsara ta ne don hana cinikin yara da sunan riƙo, amma Habasha ba ta shiga cikinta ba. A Oktoban 2007 an kama wasu Faransawa a Abeche ta ƙasar Cadi suna shirin fita da yara 103 a matsayin marayun Darfur, daga baya aka gano mafi yawansu suna da iyaye. Majalisar Habasha ta haramta ba baƙi riƙon yara a Janairun 2018, ƙasar Sin ta rufe nata shirin a 2024, a 2025 kuma wata hukumar bincike ta Koriya ta Kudu ta tabbatar da cewa an yi maguɗin takardu a shirin ƙasar na shekarun baya. An rufe ƙofofi da dama, amma yaran da suka riga suka ƙetare sun girma, suna neman asalinsu.

A makaranta ma yarinyar ta gamu da nata ƙalubalen. An taɓa cewa kowane ɗalibi ya kawo hotonsa na jariri, ita kuwa hotonta mafi tsufa na gidan marayu ne. An ce a zana bishiyar dangi, ta rasa wane reshe za ta hau. Malamar ba ta yi da mugun nufi ba, ta dai ɗauka kowane yaro gida ɗaya gare shi. Wannan shi ne abin da ya kamata mai shirin zama malami ya riƙe. A ajin da zai shiga akwai 'yan riƙo, akwai marayu, akwai agola, akwai kuma yaran da rikicin arewa maso gabas ya raba da garuruwansu, suka tashi a hannun wasu, Barbarcinsu ko Margincinsu yana zubewa a hankali. Idan ya ce a rubuta insha'i a kan yadda aka yi Sallah a gida, ya san cewa wani yaron sai ya fara tambayar kansa wane gidan ake nufi. Zai iya cewa a rubuta a kan mutanen da suke kula da mutum, ya bar yaro ya zaɓi abin da zai faɗa da abin da zai rufe. Zai iya tambayar yaro sunan da yake so a kira shi da shi kafin ya cika rajista, ya kuma ba shi dama ya koya wa 'yan ajin gaisuwa da harshen iyayensa, ko da kalma biyu ce ta rage masa. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne, amma wanda ya karɓi riƙonsa, a gida ko a aji, amana ce a kansa ya bar masa hanyar da zai gane inda ya fito.