Tuddan Alli Na Kudancin Ingila, Inda Kaka Da Jika Ke Yawo Tare

Duk wanda ya shiga jirgin ƙasa a birnin Landan ya nufi kudu, kafin ya cika sa'a guda zai hango waɗansu tuddai kore shar sun gitta a gabansa, sun raba shi da teku. Ba su da tsini ko manyan duwatsu irin waɗanda aka saba gani a ƙasar Jos. Bayansu sumul yake, sai ka ce shanu ne suka kwanta a jere suna tuƙa. Turawa suna kiransu South Downs. Wanda ya sa fartanya ya kankare ciyawar da ke bisansu, a wurare da yawa ba zai haƙa fiye da taƙi guda ba sai ya tarar da alli fari fat.

Masana ilmin ƙasa sun ce tsakanin shekaru miliyan 100 da miliyan 65 da suka wuce teku ce ta lulluɓe wannan yanki, kuma allin ba wani abu ba ne illa ɓawon waɗansu ƙananan halittu na ruwa waɗanda ido ba ya iya gani, da suka yi ta mutuwa suna taruwa a ƙarƙashinta. Halin alli shi ne shan ruwa kamar soso. Saboda haka a ƙasar da aka san ta da yawan ruwan sama, bisa waɗannan tuddai babu rafi, babu fadama, taɓo ma bai kai na kwari ba. Wannan shi ne dalili na farko da ya sa magidanci zai iya kwaso iyalinsa, da tsoho da ɗan yaye, su hau can su wuni. Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Allin da ruwa ya jiƙa santsi gare shi kamar sabulu, sa'an nan wanda bai ɗauko gorar ruwansa daga gida ba zai sha ƙishirwa. Makiyayan dā ma sai da suka riƙa haƙa 'yan tafkuna masu kama da akushi, suna daɓe su da yumɓu don su riƙe wa dabbobi ruwan sama. Har yanzu matafiyi yakan ci karo da su a gefen hanya.

Ciyawar da ke sa tafiyar daɗi kuwa aikin tumaki ce. Shekaru aru-aru garkuna suna kiwo a nan, suna aske ciyawa tun ba ta girma ba, har ta zama gajeriya mai laushi kamar darduma. Nan ne asalin irin tumakin da ake kira Southdown, waɗanda wani manomi mai suna John Ellman na ƙauyen Glynde ya kyautata a ƙarshen ƙarni na 18. Da yake dogayen ciyayi ba su samun damar danne ƙanana, a fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya akan iya ƙirga tsirrai iri-iri har kusan 40. A watannin Yuni, Yuli da Agusta wurin yakan cika da furanni da malam-buɗe-littafi masu launin shuɗi, kuma akwai wani ɗan tsuntsu da ke tashi sama ya tsaya cak yana rera kuka ba ya ko numfasawa. A ƙasa yake yin sheƙarsa, shi ya sa ake son masu karnuka su riƙe su da igiya a lokacin ƙyanƙyasa.

To, amma wannan darduma ta ragu ƙwarai. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa an sa garma an nome filaye masu yawa don a sami hatsi, kiwon tumaki ya ja baya, sa'an nan a 1953 wata annoba ta shigo ta kusa ƙarar da zomayen Ingila, waɗanda su ma suke taya tumaki askin ciyawa. Inda aka daina kiwo sai ƙaya da ƙananan itatuwa suka mamaye. An ƙiyasta cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na irin wannan makiyaya sun salwanta tun daga yaƙin. Watau tunkiyar da yaro zai gani tana kiwo a gefen hanya ma'aikaciya ce, domin da gangan hukumomi suke kawo garkuna don su tsare abin da ya saura.

Abin da zai fi ba baƙo mamaki shi ne yadda hanya take ratsa gonar mutum, ta bi ta tsakiyar alkamarsa ko garkensa, shi kuwa ba shi da ikon toshe ta. A dokar Ingila irin wannan hanya haƙƙin jama'a ce, an zana ta a taswira, an kafa mata alama: kibiya rawaya ta masu tafiya a ƙasa ce, shuɗiya kuwa ta haɗa da masu doki da masu keke. Mai karatun da ya san burtali, ya kuma san yadda yake tsukewa kowace damina in babu mai tsaron sa, ba ya bukatar dogon bayani a kan amfanin rubuta hanya a takarda. Su ma can ba a banza suka samu ba. An yi shekaru ana ja-in-ja da masu filaye kafin majalisa ta zartar da dokar 1949 wadda ta tanadi gandunan shaƙatawa na ƙasa da dogayen hanyoyin yawo, sa'an nan dokar 2000 ta ba jama'a izinin shiga waɗansu buɗaɗɗun makiyayu ko da babu hanya. Abin da ake nema daga matafiyi kaɗan ne: ya bar ƙofar shinge yadda ya same ta, ya kwashe shararsa, kada kuma ya shiga tsakanin saniya da ɗan maraƙinta.

Babbar hanyar tuddan ita ce South Downs Way, wadda aka buɗe a 1972. Tsawonta a yau mil 100 ne, watau kilomita 160, daga birnin Winchester zuwa Eastbourne a bakin teku, kuma wurin da ta fi tashi sama, Butser Hill, bai wuce mita 271 ba. A 2010 aka mai da yankin gandun shaƙatawa na ƙasa. Masu ƙarfin ƙafa sukan yi kamar mako guda suna bin ta daga farko har ƙarshe, amma mai iyali ba ruwansa da wannan gasa. Yanki guda zai gutsura.

Mutanen Brighton sukan gutsuri nasu a Devil's Dyke, inda bas ke kai mutum har bisa tudu, ya sauka ya tarar da wani busasshen kwari mai zurfin kimanin mita 100 a gabansa. Tatsuniyar wurin ta ce Iblis ne ya haƙa shi cikin dare don ya jawo teku ta cinye majami'un da ke ƙauyukan arewa da tuddan, sai wata tsohuwa ta kunna kyandir, zakara ya yi cara, ya zaci gari ya waye ya gudu ya bar aikin. Masana kuwa sun ce ruwan narkakkiyar ƙanƙara ne ya sassaƙe shi a zamanin tsananin sanyi. Yara dai sun fi son ta tsohuwa.

Amma in ana batun hanyar da ta dace da kowa, da wuya a sami wadda ta kai ta kwarin Cuckmere, tsakanin Seaford da Eastbourne. Daga inda bas ke tsayawa a Exceat, hanya ce shimfiɗaɗɗiya, yawancinta daɓen siminti, tsawonta kimanin kilomita 2 zuwa bakin teku, keken tura jariri yana bin ta lafiya. A gefenta tsohon kogin yana ta lanƙwasa kamar maciji, ruwansa a kwance, domin tun tsakiyar ƙarni na 19 aka yanka wa kogin miƙaƙƙiyar hanya aka bar wannan. Tsuntsayen ruwa sun mai da shi gida. Kusa da gaɓa akwai 'yan ɗakunan kankare da sojoji suka gina a Yaƙin Duniya na Biyu sa'ad da ake tsoron Jamus za ta shigo ta nan. Bakin tekun tsakuwa ne zalla, kuma mutum yana isa ya dubi gabas sai ya ga bangayen alli farare tas sun miƙe daga cikin ruwa. Su ne ake kira Seven Sisters, watau 'yan'uwa mata bakwai.

A nan ne ya kamata uba ya yi wa kansa hisabi. Hanyar da ta bi ta bisa bangayen zuwa Birling Gap hawa da gangara ce sau bakwai, ba ta ɗan ƙaramin yaro ba ce, kuma yawancinta babu shinge. Farin da ke jawo mutane, alamar zaizaya ce: teku tana cin gindin bangon, sama yana ruftawa, sabon alli yana bayyana. Ciyawar da mutum ke tsaye a kanta a bakin gaɓa mai yiwuwa ne babu kome a ƙarƙashinta. A 2017 wata ɗaliba baƙuwa ta faɗa ta rasu a kusa da Cuckmere garin ɗaukar hoto. Shawarar hukumomi ita ce a bar tazarar aƙalla mita 5 daga baki, kada a zauna a gindin bangon, a kuma san lokacin cikowar teku kafin a sauka. Duk da haka kowace ranar hutu sai an ga masu leƙe.

A Birling Gap akwai matakalar ƙarfe da ke sauka bakin ruwa, inda yara ke neman ƙaguwa a cikin kududdufan duwatsu idan teku ta janye. A bisa kuwa akwai ragowar wani jerin gidaje na masu tsaron gaɓa, waɗanda ake ta rushewa ɗaya bayan ɗaya duk sa'ad da bakin ya iso su. An rushe guda a 2014, bayan wani hunturu mai guguwa da ya ci mitoci da dama cikin 'yan watanni. Ƙungiyar National Trust mai kula da wurin ta zaɓi ta ƙyale teku ta yi aikinta maimakon ta gina mata katanga.

Gaba kaɗan, a kan hanyar Beachy Head, bangon alli mafi tsayi a gaɓar Biritaniya mai mita 162, akwai tsohuwar hasumiyar Belle Tout wadda a dā take haska wa jiragen ruwa hanya. A watan Maris na 1999, da bakin gaɓa ya matso ta, injiniyoyi suka ɗaga ta ɗungurungum, nauyinta kimanin tan 850, suka tura ta baya mita 17 a kan dogo. Yanzu masaukin baƙi ce, kuma an shirya gindinta yadda za a iya sake ture ta in tekun ta sake isowa.