Katangar Tsakani Ta Wa Ce?

A cikin tambayoyin da masu sauraro ke aiko mana gidan rediyo, babu wadda ta fi yawan dawowa da damina kamar ta katanga. Ruwa ya kayar da katangar da ke tsakanin gida biyu, kowa ya ce ta maƙwabcinsa ce. Indararon wani ya zubo cikin ɗakin wani, an kai magana gaban mai unguwa. Gidan gado ya tsage, magada goma sha biyu na kwana a cikinsa, amma babu mai sayen buhun siminti ɗaya. Shekarun da na yi ina karanta irin waɗannan saƙonni daga ƙauyukanmu na Jazira da bakin Shuɗin Nilu sun nuna mini abu guda: mun iya tsaron abin da yake namu, mun kuma iya taimakon juna bayan masifa, amma abin da muka yi tarayya a kansa ba shi da mai shi sai ranar da ya lalace.

'Yan'uwanmu da yaƙi ya kora Alƙahira tun daga 2023 sun ga wani salon wannan matsala. A can mutum kan sayi shaƙƙa ɗaya a cikin bene mai hawa goma. Abin da ke bayan ƙofarsa nasa ne. Matakala da rufi da tankin ruwa da harsashin gini kuwa na kowa ne. Dokar gini ta Masar ta 2008 ta tanadi ƙungiyar mazauna bene, wadda ke karɓar kuɗin gyara daga hannun kowa. A ƙasashen da inshora ta kafu, irin wannan gida kan buƙaci kariya iri biyu. Ta farko ƙungiya ce ke biya, tana ɗaukar nauyin ginin kansa. Ta biyu mai shaƙƙa ne ke biya, don kayan ɗakinsa da kuma ɓarnar da ka iya fitowa daga wajensa, kamar famfonsa ya fashe ya jiƙa na ƙasa da shi. Wanda ya dogara da ta ƙungiya kaɗai, ran da gobara ta ci gadonsa da firijinsa zai ji cewa ba su cikin takarda.

Jinkirin gyaran abin tarayya yakan ci rai. A watan Yunin 2021 wani bene mai hawa 12 ya rufta a Surfside, jihar Florida ta Amurka, mutum 98 suka mutu. Tun 2018 injiniya ya rubuta cewa akwai babbar illa a jikin ginin. Kuɗin gyaran ya kai wajen dala miliyan 15, kuma ba a kai ga yin babban aikin ba har ginin ya faɗi.

Mai karatu zai ce, ina ruwan ɗan Mai Wurno da bene mai hawa goma sha biyu? Amsata ita ce mun daɗe muna zaune a cikin irinsa, sai dai namu a kwance yake. Tun da aka kammala madatsar Sinnar a 1925, ruwan Jazira ke bin tsari ɗaya: daga babbar hanya zuwa tur'a, daga tur'a zuwa Abu Ishirin, daga nan zuwa Abu Sitta da ke shiga gonar mutum. Abu Ishirin ɗaya na shayar da nimra guda, wato fadan 90 da manoma da dama suka raba. Hawasha ita ce shaƙƙarka, Abu Ishirin kuma ita ce matakalar. Kowace damina kogin na kwaso laka daga tsaunukan Habasha ya cika hanyoyin nan, ciyawa ta biyo baya. Idan na bakin ruwa ya ƙi fitowa yasa domin shi gonarsa ta sha, na ƙarshen nimra ne dawarsa ke bushewa.

Tarihin Jazira ma kansa darasi ne a kan asusun tarayya. A zamanin Turawa ana raba kuɗin auduga ne tsakanin gwamnati da kamfani da manoma, manoma na da kashi 40 cikin ɗari, ana kuma ware wani abu a ajiye don shekarar da farashi ya faɗi. Tunanin mai kyau ne, amma manoma ba su san abin da ke cikin ajiyar ba. Da labarin yawan kuɗin ya fito a 1946, sai suka ƙi shuka, suka ce a raba musu. A farkon shekarun 1980 aka soke asusun haɗaka, kowa ya koma lissafin kansa. Dokar 2005 ta miƙa kula da ƙananan hanyoyin ruwa ga ƙungiyoyin manoma, ba a cika shekara goma ba aka rushe su. Abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne, asusun da ba a karanta lissafinsa a bainar jama'a zargi ne ke kashe shi, nauyin da aka ɗora wa mutane ba tare da kuɗin ɗaukarsa ba kuma ƙasa yake faɗuwa.

Wasu dattawa kan ce mini inshora baƙuwar aba ce, kuma akwai shubuha a cikinta. Ina girmama tsoronsu, amma a ƙasar nan aka fara warware wannan ƙulli. A 1979 Bankin Faisal ya kafa kamfanin inshorar Musulunci a Khartum, wanda ake lissafa shi na farko a duniya, kuma a 1992 aka mayar da duk inshorar Sudan kan wannan tafarki. Tsarin takaful shi ne kowa ya ba da gudummawa cikin asusu ɗaya da niyyar taimako, wanda asara ta samu a biya shi daga ciki, abin da ya yi rara kuma haƙƙin masu zubi ne. Rabon nauyin gini ma ba sabo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya yi karatun Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya wuce ta kan mas'alar gida mai sama da ƙasa: gyaran ƙasa yana kan mai ƙasa, idan ya ƙi a tilasta masa ya gyara ko ya sayar wa wanda zai gyara. Malaman Malikiyya sun tsara wannan fiye da shekara dubu da suka wuce, mu ne muka bar shi a cikin littafi.

Ba na raina gayya, wadda maƙwabtanmu Larabawa ke kira nafir. Ita ta tayar da ɗakuna da yawa bayan ambaliyar 2020, shekarar da kogin ya haura matsayin da ya kai a 1946 da 1988, gidaje sama da dubu ɗari suka lalace a faɗin ƙasa, madatsar Bout ta jihar Shuɗin Nilu ta ɓalle ta share ɗaruruwan gidaje. Sai dai gayya na da iyaka. Tana aiki ne idan gida ɗaya ya faɗi, tara na tsaye. Ran da goman suka faɗi tare, wa zai taya wa? Kuma gayya ƙarfi take kawowa, ba ta sayen kwano ko katako. Nan ne amfanin asusun da aka tara tun rani, da kuma kamfanin da ke karɓar zubi daga garuruwa masu nisa da juna, waɗanda ruwa ba ya cinye su a dare ɗaya.

Ita ma inshorar ba ta ɗaukar komai, kuma wajibi ne a faɗi wannan. Abin da aka rubuta a takarda kaɗai take biya. Galibin takardun inshora a duniya na cire ɓarnar yaƙi, don haka wanda aka wawashe gidansa a Wad Madani bayan Disambar 2023 kada ya sa rai da yawa ta wannan ƙofa. Ambaliya ma sau da yawa sai an nemi a ƙara ta da sunanta. Kamfani kuma zai tambayi shaidar mallaka, alhali dubban mutanenmu na zaune a kambo, a kan filin da ba a rubuta da sunansu ba. Haka mai noman sharaka: idan an yi wa amfanin gona inshora da sunan mai hawasha, diyya hannunsa za ta shiga, wanda ya zuba guminsa ba shi da hujja sai abin da suka rubuta tsakaninsu tun kafin shuka.

Saboda haka abin da nake gaya wa masu sauraro ba ya wuce huɗu. Na farko, a zauna tun rani a rubuta abin da yake na kowa da abin da yake na mutum ɗaya: katangar tsakani, magudanar ruwa, masai, rijiya, injin ban-ruwa, zauren gidan gado. Na biyu, a yanka wa kowa zubi gwargwadon rabonsa, mai ɗaki uku kada ya biya daidai da mai ɗaki ɗaya, kuma magajin da ke Jidda ko Kano shi ma ya aiko da nasa tunda bai yafe gadonsa ba. Na uku, kuɗin kada ya kwana a hannun mutum ɗaya, a riƙa karanta lissafi gaban kowa, kuma tunda fam ɗin Sudan na narkewa, gara a mayar da shi siminti ko kwano ko buhunan dawa. Na huɗu, wanda zai sayi takaful ya sa a karanta masa jerin abin da ba a biya kafin jerin abin da ake biya.

Akwai wanda zai ce rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne. Ni abin da nake ji a saƙonnin da ke zuwa mana ya saɓa wa haka. Gidajen da zumunci ya watse a cikinsu su ne waɗanda aka bar komai a baki, har wanda ya san yadda aka yi ya rasu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yanzu mutane na komawa garuruwansu a Jazira da Sinnar, suna tarar da rufi a yaye, hanyoyin ruwa a cushe. Za a yi gini mai yawa a 'yan shekarun nan, mafi yawansa da kuɗin haɗin gwiwa na dangi. Kakanninmu da suka biyo Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 sun kafa gari a bakin kogin da ba su taɓa gani ba, da hannu da yawa suka ɗauki jinkar. Mu da za mu sake ɗora ta, ya kamata kafin a aza tubalin farko mu san wanda zai gyara ta idan ta yi yoyo, da inda kuɗin zai fito. Allah ya zaunar da ƙasar nan lafiya, ya mayar da kowa ɗakinsa.