Daga Farar Riga Zuwa Fartanya

Mai karatu, duk ranar da motar haya ta ɗauko ni daga Kano zuwa Katsina, da zarar mun wuce Tsanyawa mun doshi Gidan Mutum Ɗaya sai in daina hira in kama kallon taga. Ba don komai ba sai don a wannan yanki, tsakanin Kankiya da Kusada, na yi shekaru shida ina aikin Ubangiji a wurare biyu. Tsakaninsu babu nisa, amma sai da kowannensu ya sake ni ta hanyarsa.

A shekarar 2004 hukumar cocinmu ta tura ni wani ɗan ƙaramin ɗakin shan magani a gefen garin Kankiya. Ɗaki biyu ne da rumfa, sai benci uku. Ƙaramin ma'aikacin lafiya ne ni, amma tun ranar farko aka laƙaba mini "Likita", ni kuwa ban musa ba, domin kuwa sunan ya yi mini daɗi. Na san cewa da aikin magani mishan ɗin SIM suka fara samun shiga ƙasar Katsina, musamman jinyar kutare a Babbar Ruga, don haka ina jin kaina magajin wani babban aiki.

A can agogo ne sarki. Ƙarfe bakwai mun buɗe da addu'a, kafin takwas rumfa ta cika. Zazzaɓin cizon sauro, gudawa, ciwon ido, gyambo, da masu sarar fartanya in damina ta sauka. Mafi yawan masu zuwa Musulmi ne, saboda haka dole na koyi lissafin lokaci irin nasu. Na daina cewa "sha ɗaya bayan awa takwas", na koma cewa "ɗaya da Asuba, ɗaya da Azahar, ɗaya bayan Isha'i". In azumi ya zo, mu raba magani tsakanin sahur da buɗa baki. A 2005, da gwamnati ta sauya maganin zazzaɓi daga kulorokwin zuwa sabon haɗin nan na ACT, sai da muka yi ta bayani, domin tsofaffi sun ce maganin da ba ya ɗaci ba ya sa ƙaiƙayi ba magani ba ne.

Abin da ya karya mini girman kai ya faru ne wata Laraba. Wata mata ta kawo ɗanta jiki zafi zau. Layi ya yi tsawo, na rubuta yadda za a sha a jikin ambulan na miƙa mata, ban tsaya na tambaye ta ko tana karatu ba. Washegari da sassafe ta dawo da yaron a goye, ya yi laushi yana ta amai. Ashe maganin kwana uku ta ɗura masa a yini ɗaya. Muka ɗora su a babur zuwa Babban Asibitin Kankiya, Allah ya sa da sauran kwana, ya tashi. Da na je gaishe su, sai ta ce, "Likita, ka yafe mini, ni ce jahila." Har yau maganar nan tana sukata, domin laifin nawa ne, ita ce kuma ke neman gafara.

Shi ya sa a 2007, da aka nemi wanda zai je wata unguwar Maguzawa a ƙasar Kusada ya riƙe ƙaramar majami'a ya kuma buɗe ajin yaƙi da jahilci, na ɗaga hannu. Na ɗauka tunda Hausa ɗaya muke yi, babu wani sabon abu. Ashe da sauran rina a kaba.

Can babu benci, babu layi, babu mai nemana. Gidaje ne manya a warwatse cikin gonaki, kowane gida da rumbunansa. A gida ɗaya za ka tarar da Kirista, da Musulmi, da tsohon da ke riƙe da al'adar kakanninsa, suna cin tuwo a akushi ɗaya. Babu lantarki, sai fitilar ƙwai. Wayar salula kuwa, sai na hau wani tudu kusa da kuka kafin ta kama. A makon farko na je rijiya na jefa guga, igiya ta suɓuce ta bi shi, 'yan mata suka yi ta dariya har da riƙe ciki. "Likita" ya koma "Malam", Malam ɗin ma wanda bai iya jan ruwa ba.

Na jingina allo a jikin bangon majami'a, na sanar cewa karatu ƙarfe huɗu na yamma. Ranar farko mutum uku, ta biyu mutum ɗaya, ta uku ni kaɗai da awaki. Ga shi watan Yuli ne, ana tsakiyar noma, maza da mata duk suna gona, ni ban ma lura ba. Ranar Lahadi kuma wasu magidanta su tafi kasuwar Caranci, in yi wa'azi ga mata da yara. Alawus ɗina ya yi wata biyu bai zo ba, ɗan hatsin da na zo da shi ya ƙare. Wani dare na zauna na rubuta takardar neman a mayar da ni Kankiya.

Kafin in sami mai kai ta, sai ga dattijon gidan da ke maƙwabtaka da ni, wanda bai taɓa taka majami'a ba, ya yi sallama da fartanya biyu a kafaɗa.

"Malam, ka ci abinci jiya?"

"Na ci, Baba."

"Ƙarya ba ta dace da mai Littafi ba. Ba mu ga hayaƙi a ɗakinka ba. Tashi, yau akwai gayya a gonar ƙanena."

Na bi shi. Kafin hantsi tafin hannuna ya yi bororo, kunyar da nake nomewa ta karkace, samari suna ta yi mini tsiya. Amma da aka kawo fura, tare muka sha a ƙwarya ɗaya. Da yamma matarsa ta aiko da tuwon dawa miyar kuka, ta ce a faɗa mini kada in ƙara kwana da yunwa a bayan danginta. Wallahi karɓar wannan kwano ya fi mini wuya a kan duk aikin da na yi a Kankiya, domin na saba hannuna ne a sama.

Ban aika da takardar ba. Na ajiye alli har aka yanke gero aka kai dawa rumbu. Da kaka ta yi, su da kansu suka zaɓi lokaci, wato bayan cin tuwon dare, kowa ya zo da fitilarsa. Na yi niyyar mu fara da Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala fassara shi da Hausa tun 1932, amma mata suka ce a fara koya musu lambobi da rubutun jikin kwalbar magani, maza kuma suna son karanta rasit ɗin taki. Na tuna matar nan ta Kankiya, na ce to. Littafin ya zo daga baya, ga waɗanda suka nema.

Na bar unguwar a 2010. Baba bai zama Kirista ba har Allah ya karɓi ransa, ban kuma taɓa jin cewa zamana kusa da shi asara ba ne. Ranar da zan tafi ya rako ni har bakin hanya, ya miƙo mini fartanyar nan, ya ce, "Riƙe, Malam, ko ka koma birni ka riƙa tuna wanda ya koya maka karatu."

Tana nan rataye a bayan ƙofar ɗakina. Sai mun sake haɗuwa, Allah ya bar zumunci.