Kwana 90 Ba Sa Jiran Kaka

Daga Funtua har Malumfashi babu unguwar da ba ta ɗanɗana ta'asar ƙauraye ba. Mun yi jinyar waɗanda aka sara, mun kuma zauna da iyayen da aka ɗaure wa 'ya'ya. Ranar da ƙauraye suka yi faɗa, kame yakan haɗa da mai adda da wanda ya zo wucewa. In shari'a ta karkace, wanda aka sara bai sami haƙƙinsa ba, an dai ƙara gida ɗaya a cikin masu kuka.

Sau da yawa muna jin iyaye suna cewa, "Alƙali ya riga ya yanke, sai haƙuri." Haƙuri yana da kyau, amma doka ta bar ƙofa a buɗe. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a gaya wa wanda ake tuhuma laifinsa da harshen da yake ji, a ba shi tafinta kyauta in ba ya jin harshen kotu, kada kuma a ɗora masa horon da ya wuce wanda doka ta tanada a lokacin da aka yi laifin. In an tsallake ɗayansu, akwai hujjar ɗaukaka ƙara. Manzo Bulus ma, da shari'arsa ta zo gaban gwamna Festus, ya ɗaukaka ƙara zuwa ga Kaisar.

Abin da ke cin mutanenmu shi ne lokaci. Daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara kwana 90 ne, daga can zuwa Kotun Ƙoli kwana 30. Uba yana jira ya sayar da masara ko auduga ya biya lauya, kwanaki suna tafiya. In wa'adi ya wuce, sai an roƙi kotu ƙarin lokaci da dalili mai ƙarfi.

To, 'yan'uwa, mu da muka yi boko, aikinmu ke nan. Mu raka iyaye su nemi kwafin hukunci tun makon farko, gama doka ta ba da kwana 7. Mu kai su Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda ke kare marasa hali kyauta. Gobe kuma mu koma gaishe da wanda aka sara. Ubangiji ya taimake mu.