Zuwa ga Yaya, kan maganar Abba da gurmi

Bristol, Ingila
Agusta 2008

Yaya,

  Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata maganin ƙafar yana hanya.

Saƙonka ya iso ni. Na ji batun ɗanka Abba, cewa in an tashi daga lacca sai ya zarce wurin wani dattijo mai gurmi a Samaru, har yana maganar komawa sashen wasan kwaikwayo na ABU, kai kuma ka ce ba a gidanmu ba. Na yi jinkirin amsawa ne don kai ne babba, ina neman bakin da zan yi maka magana da shi. Ana cikin haka, a ƙarshen watan Yuli, Allah ya kai ni inda na ga Malam Maman Barka ido da ido.

Ai ka tuna shi. Masu shagon kaset na kasuwar Sabon Gari sun sha cika mana kunne da gurminsa, direbobin bas ɗin Samaru kuwa kafin a kai Kwangila an juya kaset ɗin. Kai da kanka ka sayo mana shi. Shekara da shekaru muryarsa kawai na sani, ban taɓa zaton a wani filin karkara na Ingila zan gan shi ba, wurin da ake kira Charlton Park, inda ake bikin kaɗe-kaɗen duniya na WOMAD.

Ba gurmi ya riƙo ba. Biram ya ɗauko, abin kiɗan Buduma masunta na Tafkin Chadi. Doguwar ƙwarya ce ta itace mai siffar kwale-kwale, an rufe ta da fata, da tsirkiya biyar da suka miƙe zuwa wani lanƙwasasshen wuya. Ya zauna ya kwantar da ita a gabansa, abokin tafiyarsa Umaru Adamu yana gefe da kayan kiɗansa. Da ya taɓa tsirkiyar farko sai wata murya mai kauri ta fito, na ji ta har a ƙirjina. Yaya, hawaye na yi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin yadda biram ɗin ya zo hannunsa. Mutumin nan malamin makaranta ne, haifaffen Tesker a gabashin Nijar, ya riga ya yi suna da gurmi. A 2002 hukumar UNESCO ta ba shi tallafi, ya bar sunansa a gida ya tafi bakin tafki ya durƙusa gaban wani tsoho, Bukar Tar, wanda shi kaɗai ya rage cikin gwanayen biram. Tsohon ya koya masa, ya damƙa masa abin, daga baya ya rasu. Da an ƙara 'yan shekaru, da an binne kiɗan tare da mai shi. Matar da ke tsaye kusa da ni, Baturiya mai furfura, ta san wannan labari tiryan-tiryan, alhali ba ta jin ko kalma ɗaya ta waƙar.

Wannan hali na Turawan nan ya burge ni, ba zan ɓoye maka ba. Sun ɗauki kiɗa sana'a ce da ake koyo shekaru, kamar ƙira ko ɗinki, suna biyan kuɗin shiga ba tare da sun jira an yabi kakansu ba, in mai abu yana yi kuma su yi tsit. Mu kuwa muna son waƙar, muna raina mai yin ta. A 1988 jami'ar nan ta Samaru ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa na dakta, aka yi ta murna, amma ka tambayi kanka nawa ne cikin masu murnar za su ba ɗan makaɗi 'yarsu. Ɗanƙwairo ya tafi a 1991, Shata ya bi shi a 1999. Yau a yaran unguwarmu wa zai iya bambanta zaƙin kotso da na kalangu? Ba wanda ya ƙwace mana, mu ne muke korar duk yaron da ya miƙa hannu.

Kada ka ɗauka komai nasu ya yi mini. Giya na yawo a filin, ga shiga irin wadda ba zan kwatanta maka ba. Kuma shirun nan nasu, duk da ladabin da ke ciki, akwai sanyi. Ba mai amsa kirari, ba guɗa, ba liƙi, ga shinge tsakaninka da mawaƙi. In ya saki magana mai ma'ana sai ta faɗi ƙasa ba wanda ya cafe, sai an gama a tafa a daina lokaci guda. Ni dai na kasa daurewa, na ɗaga murya na ce, "Allah ya ƙara basira, Malam!"

Na san abin da kake tsoro: roƙo, yawon dare, shaye-shaye, da abin da mutane za su ce a masallacin unguwa. Tsoron nan yana kan hanya. Amma hana shi ba zai raba shi da gurmin ba, sai dai ya koya masa ɓoye maka. Roƙona shi ne ka je da kanka ka ga dattijon, ka zauna da shi, ka auna mutuncinsa kamar yadda za ka auna duk ubangidan da za ka ba ɗanka. In ya kwanta maka, ka gindaya wa Abba sharaɗi: salla a kan lokaci, karatu kada ya yi baya, ba zuwa gidan biki roƙo.

Na sayi 'yar na'urar ɗaukar murya, zan haɗa da maganin Inna. A ba Abba, ya riƙa ɗaukar duk abin da dattijon ya kaɗa, yana rubuta sunan kowane take da wanda ya koya masa shi. In ka amince, ka sanar da ni ta waya ranar Juma'a bayan an sauko, kuɗin motarsa na zuwa Samaru kuma a kaina.

Ka gaida Hajiya da yara, da mutanen layinku na kasuwa.

Naka ƙane.