Mako Guda A Minna: Doya A Ƙofar Gida, Taliya A Tukunya

Kafin in tashi zuwa Minna da kwana uku likita ya auna ni, ya ce jinina ya fara hawa, alhali kuwa ban cika shekara arba'in ba. Ya tambaye ni abin da nake ci, na lissafa masa: burodi da shayi da safe, taliyar leda da ƙwai da rana, tsire ko soyayyar shinkafa da dare. Ya girgiza kai, ya ce in rage gishiri da dunƙule, in nemi ganye da ɗanyen cefane. Saboda haka da ofis ya aike ni babban birnin Jihar Neja, sai na ƙudura a raina cewa a mako gudan da zan yi, ba zan ci kome ba sai abin da ya fito daga gona ko daga ruwa kwanan nan.

Ta Suleja muka bi, muka ratsa Lambata da Paiko, muka shiga gari ta Chanchaga. Lokacin ƙarshen damina ne, sabuwar doya ta fito. Ko'ina mutum ya duba a bakin hanya sai ya ga an jera ta tsibi-tsibi, ga matan Gbagyi, waɗanda mu Hausawa muke kira Gwarawa, suna tafe da kaya a kafaɗa kamar yadda al'adarsu take, domin kuwa ba su ɗora kaya a ka. Na ce wa kaina, ai wanda ya zo nan neman abinci ya faɗo a dami.

Minna gari ne da jirgin ƙasa ya raya. Hanyar dogo ta Baro zuwa Kano, wadda aka gama a 1911, ta nan ta bi, nan kuma ta haɗu da wadda ta taso daga Ikko. Ma'aikatan reluwe da fatake suka taru, Hausawa da Nufawa da Yarbawa da Ibo, suka zauna tare da masu ƙasa. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Neja aka mai da garin hedkwata. Kowace ƙabila ta zo da tukunyarta, shi ya sa kasuwar garin ta zama kamar taron dangi.

To, amma fa ranar farko ban ji da daɗi ba. Na zaga Tunga da shataletalen Mobil da almuru, abin da na tarar shi ne abin da na baro a gida: mai shayi yana tafasa taliya, gidajen abinci na zamani suna soya kaza, yara suna shan lemon kwalba. Na kwana da gasasshiyar masara da gyaɗa.

Washegari na kai kukana wurin wani abokina, malamin makaranta mai zurfi, wanda ya yi shekaru yana karatu a birnin Osaka na ƙasar Japan. Ya yi dariya, ya ce, "Malam, ka makara ne. Ɗanyen kaya ba ya jiran ɗan boko ya tashi daga ofis." Ya ba ni labarin cewa a can ya koyi wannan darasi. Mutanen Japan suna girmama kowane abinci a lokacinsa, kifi ne ko ganye ko 'ya'yan itace, kuma abincinsu na gargajiya shinkafa ce da romo da 'yan ƙananan mahaɗi uku. A 2005 suka kafa dokar koyar da ilmin abinci, a makarantu kuma yara ne ke raba wa junansu abincin rana. A 2013 hukumar UNESCO ta sa girkinsu cikin al'adun da duniya za ta adana. Matsakaicin tsawon ransu ya kai kimanin shekara 84, ko da yake su ma gishiri ya yi yawa a abincinsu. Abin mamaki, abin da suke nomawa bai kai kashi 40 cikin 100 na abin da suke ci ba, sauran sayowa suke yi daga waje.

Daga nan ya faɗi abin da ya tsaya mini a rai. Taliyar ledar nan da ta mamaye mu, wani mutumin can ne mai suna Momofuku Ando ya ƙago ta a 1958, don sauƙaƙa wa masu yunwa da masu gaggawa. Su kuwa suna cikin manyan masu sayen riɗin Nijeriya, wanda har a Jihar Neja ake nomawa. Bugu da ƙari suna da wani waken suya da suke ruɓarwa, suna kiransa natto, wanda irin ƙwayar halittar da ke nunar da daddawarmu ita ce ke nunar da shi. Su suna tinƙaho da nasu, mu kuwa mun fara jin kunyar warin tamu.

Da asubar fari ya kai ni kasuwar Kure, wadda aka raɗa wa sunan marigayi Abdulƙadir Kure, gwamnan jihar daga 1999 zuwa 2007. Gani ya kori ji. Ga alayyafo da raɓa a jikinsa, ga rama da yakuwa da zogale, ga kuɓewa ƙanana masu karyewa da ƙas, ga gauta da gurji da ɗanyar gurjiya. Can gefe Nufawa sun baje shinkafar Bida da ƙuliƙuli da man kaɗe. Masu kifi kuwa suna da tarwaɗa mai motsi a baho, da karfasa, da banda wadda suka ce daga tafkin Shiroro take, watau madatsar ruwan da aka buɗe a 1990 a kan kogin Kaduna.

Wata dattijuwa mai ganye ta ga ina juya ayaba, sai ta kira ni. "Ɗana, aje wannan. Ka ga jikinta rawaya, wuyanta kore shar? Ba a bari ta nuna don kanta ba." Na ce, "Iya, to yaya zan gane ta kirki?" Ta ce in shinshina, abin da ya nuna da kansa ba ya ɓoye ƙanshi. Gaskiyarta kuwa, gama hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan masu nunar da ayaba da mangwaro da sinadarin kabaid na masu walda, da masu zuba maganin ƙwari cikin wake. Mai kifi shi ma ya koya mini: a duba ido ya zama garau, a ɗaga kunne a ga ja.

Daga ranar nan cikina ya sami lafiya. Uwargidan abokina ta riƙa yi mana sakwara da miyar ganye, da faten doya da alayyafo, da kwaɗon zogale, da tuwon shinkafa da ɗanyar kuɓewa, duk da daddawa da ɗan gishiri kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini, gishiri kuma kada ya kai giram 5, watau kamar ƙaramin cokali guda. Na lura kakanninmu sun kusa cika wannan ƙa'ida ba tare da sun san da ita ba.

Ranar Jumma'a muka tafi kasuwar Paiko, inda ake cinikin doya ƙwarya-ƙwarya, kowace ƙwarya ɗari, ana loda ta a manyan motoci zuwa Abuja da Ikko da Kano. A nan ne murnata ta ragu. Na zauna da wani manomi da ke dako a kasuwar, ya ce shi mutumin ƙasar Shiroro ne, 'yan bindiga suka tashe su, ya bar rumbu da irin doya a gona. Wannan ba sabon labari ba ne ga mai karatu. A Fabrairun 2021 aka sace ɗalibai a Kagara, a Afrilun shekarar kuma gwamnan lokacin, Abubakar Sani Bello, ya faɗa da bakinsa cewa 'yan Boko Haram sun kafa tuta a Kaure, cikin ƙaramar hukumar Shiroro. Ƙauyuka da dama na Shiroro da Munya da Rafi suka watse, mutanensu suka yi gudun hijira zuwa Kuta da Gwada da Minna. Sa'an nan janye tallafin man fetur a Mayun 2023 ya ninka kuɗin mota, har tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Magidancin da ya saya wa 'ya'yansa taliya maimakon doya da kifi, ba kullum ne don ƙyuya ba, wani lokaci aljihu ne ya yanke masa hukunci.

Saboda haka abin da na gano shi ne, lafiyar tukunyar Minna ba a asibiti take ba, tana kan hanyar Kuta da Sarkin Pawa da Paiko. In manomi ya kwana lafiya a ƙauyensa, ɗan birni zai ci ɗanyen kaya da araha. In an tashe shi, to leda ce za ta ci gaba da ciyar da mu. Gwamna Umaru Bago, wanda ya hau mulki a 2023, ya kira kansa gwamna manomi. Muna fata za a tuna cewa tarakta ba ta noma a gonar da mai ita ya gudu.

Mu ma 'yan birni da namu laifin. Wanda yake da halin saye, ya yi sammako, ya ci abu a lokacinsa, ya wanke ganye da ruwa mai tsabta, ya mai da daddawa cikin miya. Na komo gida da doya goma da ƙullin riɗi, likita kuma ya ce in ci gaba da abin da na fara. Allah Ya zaunar da ƙauyukanmu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, amin.