Garin Kwali a Umdurman

Yaron birni yana ɗaukar cewa famfo ne ke haifar ruwa, kanti ke haifar burodi, shara kuwa da an kai ta bola shi ke nan. Faɗa ba ya cire masa wannan tunani, sai an damƙa masa gari ya riƙe da kansa.

Na tashi cikin Hausawan Sudan, jikokin maniyyatan da suka yada zango a hanyar Makka, kusa da Kasuwar Umdurman wadda ta bunƙasa tun zamanin Mahadi, bayan 1885. A kasuwar kowace sana'a da layinta: maƙeran zinariya, dukawa, masu kayan yaji. Wannan tsari na kwaikwaya wa 'ya'yana da na maƙwabta a tsakar gida kowace Juma'a. Kwali ne rumfuna, marafan lemo ne kuɗi. Akwai mai agashe, mai kisra, mai amalanken ruwa, mai gyaran takalmi da mai shara. Doka ɗaya na kafa: tulu guda da gawayi dunƙule goma ne rabon gari duka, babu ƙari sai la'asar.

Ranar farko kafin azahar tulu ya ƙafe, kofin ruwa ya tashi daga marfi ɗaya zuwa biyar. Kowa ya ƙi aikin shara har leda ta toshe layuka. Su da kansu suka zauna suka yanke cewa mai kwando a yi masa ragi, mai leda ya biya tara, mai shara kuma a ninka ladansa. Mai gyaran takalmi ne ya fi kowa tara marafa.

A Disambar 2018, da burodi ya tashi daga fam ɗaya zuwa uku aka fara zanga-zanga a Atbara, 'yata ta tambaye ni daga ina alkama take zuwa. Na ce akasarinta daga ƙasashen waje. Ta ce, "Ashe tulunmu yana gidan wasu."

Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023. An wawushe kasuwar, wuta ta ci wasu sassanta, famfo ya ɗauke. A takaya, wato girkin gayya na unguwa, yaran nan ne suka riƙa auna adas da kofi, suna lissafin bakin da zai ci.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ko a Kano kake ko a Maraɗi, ɗan uwa, kwali da tulu ba su fi ƙarfinka ba. Sai dai in ruwan ya ƙare, ka daure kada ka ƙara musu kafin la'asar.